Wata guda ina ciyar da 'yan Saiyan a Dragon Ball Z: Kakarot

Ƙanena ne ya kawo faifan wasan bidiyon gida, ya ce aron mako biyu aka ba shi. Wata guda ya yi a cikin PlayStation 4 ɗina, kuma ni na hana a mayar. Wasan ya fito tun Janairun 2020, don haka na san na makara, amma tunda na kai ƙarshensa bari in faɗi abin da na gani.

Labarin dai shi ne wanda muka sani a Dragon Ball Z, daga saukar Raditz, yayan jarumin labarin Goku, duniya har zuwa Majin Buu, da Frieza da Cell a tsakani. Zanen talabijin ɗin kashi 291 ne, daga 1989 zuwa 1996, inda mutum zai yi kashi guda yana ihu kafin ya kai naushi ɗaya. A nan an matse shi cikin kusan awa arba'in. Wannan kaɗai ya isa a gode musu.

Abin da ban zata ba shi ne yadda wasan ya sauya min kallon ƙabilar Saiyan. Ina yaro, jarumai nake ɗaukarsu, masu gashi a tsaye da ke ceton duniya. Da na zauna na bi maganar Raditz a nutse, sai na ga sojojin haya ne kawai. Frieza ya tura su wata duniya, su share mutanenta, a sayar da ita ga mai kuɗi. Shi kansa Goku, mai suna Kakarot na yanka, da bai faɗi ya bugu a ka yana jariri ba, da wani labarin ake yi. Ubangidan nasu Frieza kuma da ya ga ƙarfinsu na neman wuce gona da iri, sai ya tarwatsa duniyarsu ta Vegeta gaba ɗaya. Kura ta yi kiwon kare, ƙarshe ta cinye shi.

Mutanen nan ba sa ƙoshi, da abinci da faɗa, kuma a nan wasan ya burge ni. Za ka kama kifi da jelar roba da abokiyarsa Bulma ta ƙera wa Goku, ka farauci nama, ka gasa a bakin wuta, ko ka tara kayan miya ka kai wa Chi-Chi, matar Goku, ta haɗa maka liyafa. Kowane ci yana ƙara maka ƙarfi, wani na ɗan lokaci, wani na dindindin. Da farko na raina abin, na ce ni faɗa na zo yi, ba cefane ba. Nappa, wani ƙaton Saiyan, ne ya koya min hankali. Bayan ya yi min dukan kawo wuƙa sau uku, na koma bakin kogi da jelata. Abin dariya, marigayi Akira Toriyama, wanda ya ƙirƙiri Dragon Ball, daga kayan lambu ya ciro sunayensu: Kakarot daga karas, Nappa wani nau'in kabeji ne, kalmar Saiya ma juyin “yasai” ce, wato kayan lambu da Japananci. Ƙabilar da ta addabi sararin samaniya, ashe kwandon mai gwari ce.

Faɗan da ya fi tsaya min a rai shi ne na farko da Vegeta, yariman Saiyan mai suna ɗaya da duniyarsu. Duk Saiyan mai jela idan ya kalli cikakken wata yakan rikiɗe ya zama ƙaton biri, ƙarfinsa ya ninka sau goma. Vegeta da bai sami wata ba sai ya ƙirƙiri nasa. Kana shawagi kamar ƙuda a gaban fuskarsa, hannun wasan na karkarwa a tafinka, har Yajirobe, matsoracin da ba wanda ya sa a lissafi, ya lallaɓo ya datse jelar. Wannan ya fi min ma lokacin da gashin Goku ya koma ruwan zinare a duniyar Namek bayan an kashe abokinsa Krillin, duk da ƙanena ya miƙe tsaye yana ihu a wurin har Umma ta leƙo ta ce, “Ku lafiyarku kuwa?”

Vegeta ne ya riƙe ni har ƙarshe. Yarima ne da ba ƙasa, ba talakawa, sai tutiyar jinin sarauta, ga Goku ɗan talaka yana shan gabansa kullum. Su Saiyan duk sanda suka kusa mutuwa suka warke, ƙarfinsu ƙaruwa yake, don haka Vegeta har ya sa Krillin ya huda masa ciki don a warkar da shi. Wannan ba jarumta ba ce, ciwo ne, kuma ka fi jin sa idan kai ke riƙe da shi.

Inda na gaji: ƙananan aikace-aikacen gefe. Je ka samo wannan, kashe robobi uku, dawo. Tattara ƙwallayen Z, waɗanda ake buɗe sabbin dabarun faɗa da su, a sama ma tun yana daɗi har ya zama aikin gayya. Salon faɗan kuma kusan ɗaya ne ga kowa, wanda ya saba da wasannin da ake haddace maɓallai zai ga ya yi sauƙi. Ba a kuma buga shi mutum biyu, shi ya sa muka riƙa karɓa-karɓa da rigima. Sunan Goku ne a kwali, amma ɗansa Gohan za ka fi daɗewa da shi, ni kuwa hakan bai dame ni ba.

Na sa muryoyin Japananci da fassara a ƙasa, don in ji Masako Nozawa, dattijuwar da ke yin Goku da Gohan duka. Akwai ƙarin labarin Bardock, mahaifin Goku, da aka saki a 2023, ana sayensa daban. Shi nake tara wa kuɗi yanzu, sai dai mai faifan ya aiko sau biyu.