Wane Keke Za A Saya Wa Yaro Mai Lalurar Ƙafa Da Zai Shiga Sakandare?

Duk shekara, da an ce sakamakon 'yan aji shida ya fito, akwai gidajen da murnarsu ba ta kaiwa magariba. Firamare tana cikin gari ko a bayan gari, yaron da ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa yakan je da rarrafe, ko yayansa ya goya shi, ko a tura shi a baro. Ƙaramar sakandare kuwa, a ƙauyukanmu na tsakanin Ringim da Taura da Garki, sau da yawa tana garin dagaci ko na hakimi, tafiyar kilomita uku ko huɗu, wani lokaci ma fiye. Ga shi yaro ya yi nauyi, ya kuma fara jin kunyar goyo. A nan karatun da yawansu yake tsayawa, alhali ƙwaƙwalwarsu garau take.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce karatunsu kyauta ne har ƙarshen sakandare, ta kuma ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara mashigarsu yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. To amma doka ba za ta ɗauko yaro daga zaure ta kai shi aji ba. Wannan na iyaye ne, kuma da yake ni malamin makaranta ne, ni ake tarewa a ƙofar masallaci ana tambaya: "Malam, wanne za mu saya?"

Bari in fara kawar da waɗanda ba sa buƙatar doguwar magana. Sandunan hammata na cikin aji ne da tsakar gida, ba na tafiyar kilomita ba. Keke mai batir a bar wa masu wutar caji da kwalta, don ranar da ya tsaya sai an ɗora shi a mota an nemi mai gyara a Kano. Babur mai taya uku na manya ne masu sana'a, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ko su kuka suke yi. Yarjejeniya da ɗan acaba kuwa lafiya take har zuwa ranar kasuwa ta farko.

Keken asibiti, mai naɗewa ɗin nan mai ƙyalli, shi ne ya fi jan idon iyaye, shi ne kuma 'yan siyasa suka fi rabawa. An yi shi ne don a tura marar lafiya a kan siminti daga ɗaki zuwa ɗaki. Ƙananan tayoyinsa na gaba da sun ga rairayi sai su nutse, sai an sami mai turawa, mai turawar kuma shi ma ɗalibi ne da ke gudun makara. Yawancinsu girman manya ne, yaro ya zauna ya karkace gefe guda. Idan wani abu ya karye, mai facin garinku zai juya shi ya juya, ya ce ba shi da irinsa. Ba na ba kowa shawarar ya sa kuɗinsa a nan.

Wanda nake tsaya wa shi ne keken hannu mai taya uku, wanda kowa ya sani da keken guragu, ƙirar masu waldarmu na gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin keken naƙasassu a 2008, kuma abin da ta nanata shi ne keke ya dace da jikin mai shi, ya dace da inda zai yi yawo, a kuma iya gyara shi a wurin da kuɗin da ba zai gagara ba. In an ɗora wannan ma'auni a kan hanyar burji da yashin Jigawa, keken hannu ne kaɗai ke tsallakewa. Tayarsa tayar keke ce, sarƙarsa sarƙar keke ce, boris da birki da feda duk na keke ne. Ƙaya ta soke shi a hanya, kowane mai faci a gindin bishiya zai gama da shi kafin a kaɗa ƙararrawa. Tayoyinsa manya ne, suna hawa kan yashi maimakon su tona shi. Babban abin kuma, yaro shi ke tuƙa kansa. Ba ya jiran kowa ya gama karin kumallo, ba ya roƙon kowa da an tashi. Na ga yaran da ba sa ɗaga kai a aji, amma da suka fara zuwa da kansu har gardamar ƙwallo ake yi da su a bakin hanya. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta kama, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, ta daɗe tana ƙera irin wannan keke, kuma masu ƙerawar su ne masu hawansa. Wanda ke hawan abu ya fi kowa sanin inda yake ciwo, shi ya sa in da hali na fi son a ba irinsu aikin.

Sai dai ba kowane yaro ba ne. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, don haka yaran da ke gama firamare yanzu ba kasafai lalurarsu ke zama ita ba, kamar yadda take a kan yayyensu. Yanzu an fi ganin wanda ya wahala wurin haihuwa, ko sanƙarau ya taɓa shi, ko allura ta sami jijiya, ko haɗari ya taɓa masa baya. Mai shan inna yakan kasance da ƙarfin damtse, yana kuma jin ƙafarsa. Wanda hannuwansa ke ƙagewa ko rawa, ko wuyansa da bayansa ba sa tsayuwa, keken hannu ba nasa ba ne, kuma nasa ba a kasuwa ake sayensa ba. A kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, ko sashen gashin ƙashi na babban asibiti mafi kusa, su auna shi su faɗi irin mazaunin da zai riƙe shi. Wanda kuma ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, babban abokin gabarsa gyambon zama ne: fata ta mutu a mazaunai bai sani ba. Shi sai da soso mai kauri mai kyau, a koya masa ya riƙa dafa hannu yana ɗaga jikinsa a kai a kai, uwa kuma ta duba fatar kowane dare.

Ku tafi da yaron wurin maƙeri, kada ku aika da kwatance. A zaunar da shi a benci a auna faɗin ƙugunsa, a ƙara kamar yatsa biyu kowane gefe. Tsawon mazaunin ya tsaya saura yatsa biyu ko uku ya taɓa bayan gwiwa. Feda ta zo daidai ƙirji, yadda in ya miƙa hannu iyaka gwiwar hannun tana da ɗan lanƙwasa. Kada ku yarda da "ai zai girma ya cika shi". Riga ake yi wa haka. Abin da za a yi shi ne a huda ramuka a ƙarfen da mazaunin ke kai, in ya ƙara tsawo a kwance noti a ja baya. Mazaunin kuma kada ya yi bisa sosai, don keke mai taya uku in ya yi tsayi yana kifewa a kwana. Kafin ku zaɓi girman taya, inci 20 ko 24 ko 26, ku leƙa rumfar mai kayan keke ta kasuwarku ku ga wadda ba ta yankewa. Ku ce a yi haɗin da feda za ta yi laushi ko da gudu zai ragu, tunda ba tsere zai je ba, yashi zai keta.

In yarinya ce, murfin sarƙa dole ne. Sarƙar wannan keke a gaban ƙirji take wucewa, hijabi kuma ba ya jin kashedi. A bayan mazauni a yi ɗan akwati mai kwaɗo na littattafai da famfo.

Aibinsa ɗaya ba zan ɓoye ba: dogo ne, ba ya shiga aji, balle bayan gida. Don haka kafin a koma hutu uba ya je ya ga shugaban makaranta, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yaronka nan zai zo, ina za a sa shi?" A nemi ajin da dakalinsa ya fi kusa da ƙasa. In za a yi gangara, duk taƙi ɗaya na tsayin dakali yana son taƙi goma sha biyu na tsawo, in ba haka ba ta zama abin sulun yara. Buhun siminti da burji kaɗan ne, kwamitin makaranta na iya yi in an kai maganar gabansa. A kuma yi zancen bayan gida ƙarara, don na san 'yan matan da ke ƙin shan ruwa tun asuba saboda shi, wasu kuma shi ya zaunar da su a gida ba hanya ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne.

Ɗan ƙanwata an yi masa keke a wurin wani mai walda, shuɗi shar, har da fure a bayan mazauni. Damina ba ta fita ba wuyan keken ya ɓalle a gangaren wani kwalbati, yaro ya kifa da fuska, har yau da tabo a haɓarsa. Da aka kankare fentin sai ga bututun kujerar biki, siriri kamar gwangwanin madara, waldar kuma ɗigo uku ce aka shafe da kwaɓin masu gyaran jikin mota. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni, abu na farko da nake ce masa shi ne: ka ga keken tsirara kafin a yi masa fenti. Maƙerin da ya ƙi, ka san dalili. Ka duba bakin bututun inda aka yanke ka ga kaurinsa. Ka ƙwanƙwasa da makulli, mai kauri ƙararsa a dunƙule take, siriri kuwa sai ya yi ta amo. Walda ta zagaye mahaɗa gaba ɗaya, musamman a wuya, da ƙarƙashin mazauni, da inda tayoyin baya suka kama. In an riga an yi fenti, ka sa maganaɗisu a mahaɗar, inda aka cika da kwaɓi ba ya kamawa sosai. Ka hau da kanka, kai babba, ka girgiza. Ka tura shi ba kowa a fili ka ga ko yana tafiya sak ko yana jan gefe. Ka juya kowace taya ka saurara, tsohon boris da aka cika da giris yana gurnani. Birki kuma a gwada shi a gangara da mutum a kai, ba a cikin rumfa ba. In kana da wanda ya san ƙarfe, ku je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ku sayo bututun da kanku, ku biya ladan aiki kawai. Araha ba ta ado, a nan kuwa har jini take fitarwa.

Kuɗi kada a ba da shi duka a gaba. A raba uku: na kayan aiki, na ranar da aka ga ƙarfe a haɗe, na ranar ɗauka. A yi a gaban shaida, a rubuta ranar gamawa. Kuma kafin ku zaɓi maƙeri ku gaida Sarkin Guragun garinku ku tambaye shi. Shi ya san wanda kekensa ke shekaru da wanda nasa ke komawa rumfa duk wata, ba ya kuma cin kamasho a kanku.

Akwai kuma masu fom. Za su zo da jaka da kati a wuya, su ce daga Abuja suke, ko daga wata ƙungiyar Turawa, za a raba kekuna kyauta, amma a kawo kuɗin fom da hoto da lambar NIN, wasu har BVN. Su zauna a ƙofar gidan mai unguwa don a ga kamar da saninsa, alhali shi ma gaisuwa kawai suka yi masa. Gaskiya ne akwai Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, an kafa ta a 2020, sunanta ma suke ara. Amma abin da aka ce kyauta ne ba a sayen fom ɗinsa, kuma duk wanda ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, asusunka yake nema ba yaronka ba. Wasu kuma taro ake haɗawa, a ɗora yaro a sabon keke a ɗauki hoto, baƙi na tashi a ce za a kai ofis a yi rajista. An gama ke nan. In an ba yaronku keke a taro, a kansa zai koma gida. Irin waɗannan kekunan ne kuke gani a kasuwa an kankare tambarin jikinsu ana ce muku gwanjo ne daga waje.

Na cikin gida ma sai an yi magana. Keken makaranta ba na kai niƙa ba ne, ba na ɗauko taki ba ne, buhu biyu sun isa su lanƙwasa ƙarfen baya. Kuma za a sami wanda zai zo ya ce a ba shi haya ranar Juma'a ya shiga birni bara, ko ma a ba shi yaron da keken gaba ɗaya a riƙa raba abin da aka samu. Amsar wannan a ba shi ita tun a zaure.

In wani ya zo da zancen rabon keke kuna shakka, kada ku ba shi ko sisi a ranar. Ku ɗauki sunansa da na inda ya ce ya fito, washegari ku je sashen walwalar jama'a na sakatariyar ƙaramar hukuma ku tambaya da bakinku, ku tafi da Sarkin Guragu ko shugaban makarantar yaron.