Garin titaniyom dayoksaid na nano: anatas, rutail ko P25?

Titaniyom dayoksaid farin garin sinadari ne; anatas da rutail nau'o'insa biyu ne, P25 kuma gaurayensu. Kafin ka tambayi farashi, ka san abin da kake so garin ya yi da hasken rana: ya ci ƙazanta da shi, ko ya tare shi kawai. Idan kuwa farin fenti kake nema, kada ka ɓata kuɗinka. Garin da ke ba da fari mai rufe bango ƙwayarsa nanomita 200 zuwa 300 ce (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), na nano kuwa bai kai 100 ba, shi ya sa yake fita shara-shara.

Anatas shi ne mai zafin nama. Da zarar hasken UV (ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani) mai zango ƙasa da nanomita 387 ya sauka a kansa, sai ya shiga farfasa maiƙo da ƙwayoyin cuta. Da irinsa ake yin gilashi mai wanke kansa, kamar Pilkington Activ da ya fito a 2001, da na'urorin tace hayaƙin masana'antu. Sai dai bai san nasa ba: ka zuba shi tsirara cikin fenti ko roba, zai cinye danƙon da ke riƙe su, ka shafa bango hannunka ya fito da farin gari. Haka kuma idan aikinka na gasawa da wuta ne, daga wajen digiri 600 yakan fara rikiɗa ya koma rutail, ƙarfinsa ya ragu.

Rutail da aka lulluɓe da alumina ko silika shi ya dace da man kare fata daga rana, robobi da banish ɗin katako. Tarayyar Turai ta yarda da shi har kashi 25 cikin 100 a man shafawa, ban da na fesawa da ake iya shaƙa. A nan lulluɓin ya fi komai muhimmanci, don haka ka sa dillali ya rubuta maka nau'insa.

P25 na kamfanin Evonik gauraye ne, kusan kashi 80 anatas, 20 rutail, ƙwaya nanomita 21, faɗin fuska murabba'in mita 50 a kowane giram. Da shi masu bincike ke auna sauran.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen damawa. Busasshen gari yana dunƙulewa a ruwa, musamman idan ma'aunin tsamin ruwan, wato pH, yana kan 6 ko kusa da shi, ya kwanta a ƙasa. Wanda ba shi da injin ultrasonik mai wargaza dunƙulen da girgizar sauti, gara ya sayi damamme tun daga kamfani, ko da ya fi tsada.

Ka nemi sakamakon gwajin XRD don sanin nau'in, gwajin BET don faɗin fuskar ƙwayoyin, da hoton TEM (madubin lantarki) don ganin girmansu. Ƙurar ma abin kiyayewa ce: hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar miligiram 0.3 a kubik mita ta iska ga na nano, 2.4 ga na fenti. Duk mai buɗe buhu yana buƙatar takunkumi mai tacewa da na'urar zuƙe ƙura a kusa da shi.