Matashin kujerar mashin da ya kunyata ni a ɗaurin auren ƙanina

Da a watan Afrilu na rubuta wannan sharhi, da yabo kawai za ku karanta daga sama har ƙasa. Allah ya taimake ku ban rubuta ba, don da na jawo wa mutane da yawa asarar riguna.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa. A Jos nake zaune, ta wajen hanyar Bauchi, amma aikina yana lambu: Babale, Tilden Fulani, Magama Gumau, wani lokaci har cikin ƙauyukan Toro. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, na jingine tsohuwar motata a ƙofar gida na koma kan mashin, da jakar sifanoni a baya. Mashin ɗin ba shi da laifi, shekararsa shida yana yi min bauta. Soson kujerar ne ya mutu murus, har in na danna da yatsa ina jin ƙashin kujerar a ƙasa. In na yi minti arba'in a kai, mazaunaina sun sage, ƙugu ya riƙe, wani tsami yana sauka ta bayan cinya har ƙauri. Akwai inda nake tsayawa a Tilde kullum kamar mai sayen rake, alhali miƙe ƙafa ya tsayar da ni. Har mai raken ya gane, in ya hango ni sai ya ce, "Injiniya, yau ma bayan ne?"

To, kun dai san matashin nan da ake ta tallarsa a Facebook, baƙi, mai raga a sama da maɗauri biyu, wanda suke cewa akwai jel a ciki. Kun kuma san bidiyon da mai tallar yake fasa ledar ruwa ya tuttula a kai, ruwan ya gangare kamar a bayan agwagwa. Wannan bidiyon ne ya ci ni. Kafin in tura kuɗi sai da na kira shi na tambaya baki da baki, ya ce, "Alhaji, ba ya shan ruwa ko ɗigo." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na karɓi Alhajin na tura kuɗin, kuɗin da zai ishe ni man kusan mako biyu.

A Fabrairu ya iso, tsakiyar aikin rani, kuma wallahi makon farko na ɗauka na tsinci dami a kala. Na je Magama na dawo ban tsaya wajen mai rake ba. Abin da na fahimta shi ne, in soso ya mutu, duk nauyin mutum a kan ƙasusuwa biyun nan na mazaunai yake taruwa, jini ya daina zagayawa sosai, sai sagewa. Shi jel ɗin yana lotsawa ya bi siffar jikinka, nauyin ya bazu har cinyoyi. Kuma yana shanye wannan karkarwar injin da ke bin ƙashin baya in ka daɗe kana jan wuta. Rami kam ba ya hana ka jin sa, wannan aikin shoka ne, duk wanda ya ce maka matashi zai maye gurbin shoka yaudararka yake yi. Amma a kan gargadar hanyoyin lambu na ji bambanci ƙwarai. Da dare na daina kiran yara su taka min baya. Uwargida har tsiya take min, wai na yi sabuwar amarya mai igiya biyu.

Yana da 'yan halaye da na haƙura da su. Ya ƙara wa kujerar tsawo kamar yatsa biyu, ni kuma ba dogo ba ne, sai na koma tsayawa da kan yatsun ƙafa a cunkoson Farar Gada. In kuma na bar shi a rana, to ranar sai addu'a. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, amma da ka fara gangarawa ƙasar Bauchi zafi yake ƙaruwa, kuma jel yana riƙe zafi kamar tandar masa. Na taɓa gama gyara da azahar a wani lambu, na haye ba tunani, na diro da salati. Daga ranar nake rufe shi da buhu. Duk wannan ban riƙe shi a zuciya ba.

Abin da na riƙe ya faru ne wata Asabar a watan Agusta.

Ƙanina ne zai yi aure a Toro. Mahaifinmu ya rasu, kawunmu kuma ya ce shi ya tsufa, ni zan karɓi auren a matsayin wakilin ango, shi zai zauna a gefena. Na ɗinka farar shadda, riga da wando da babbar riga, aka yi mata bugu har tana ɗaukar ido. Daren Juma'a aka kwana ana ruwa, irin ruwan Jos na Agusta da ba ya zuwa da hayaniya, ya dai kama zuba har asuba. Mashin ya kwana a tsakar gida. Da safe na sa tsumma na goge matashin, na shafa tafin hannu, a bushe yake ƙarau. Na tuna bidiyon ledar ruwa, na ce lalle mutumin nan ya faɗi gaskiya.

Motocin 'yan rakiya sun riga sun tashi, ni na tsaya karɓo goro da alewa, ga sadaki a aljihuna, ga lokaci yana tafiya. Na naɗe hannayen babbar riga a kafaɗa, na tattara bayanta na zauna a kai don kada ta shiga sarƙa ko taya, na ja. Tun kafin Naraguta na fara jin sanyi-sanyi a ƙasana. Ban kawo komai ba, don jel da safe dama da sanyinsa, ga garin an kwana ana ruwa. Haka na yi ta tafiya ina ma jin daɗin yadda bayana bai ce uffan ba.

Na isa ana shirin shiga masallaci. Na ajiye mashin, na warware riga, na kutsa cikin jama'a ina gaisawa, na wuce sahun gaba na zauna gaban liman. Aka yi komai lafiya. Na nemi aure wa ƙanina, waliyyin amarya ya bayar, na miƙa sadaki aka ƙirga a gaban shaidu, aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya. Ina jin ƙus-ƙus a bayana tun da na shigo, na ɗauka shaddar ake yabawa. Kai, ɗan Adam.

Da na miƙe don musabaha, sai Kawu ya damƙe gefen rigata ya jawo ni ƙasa da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya sa baki a kunnena ya ce, "Kai, zauna. Me ya same ka a hanya?" Na ce babu komai, Kawu. Ya ce, "To juya rigarka ka gani."

Na jawo bayan rigar ta gefe. Wani tabo ne kamar faifai, jiƙe sharkaf, baƙi-baƙi a tsakiya, gefensa ruwan toka, ga zanen ragar nan ya fito raɗau kamar saƙar zuma. Ya ratsa babbar riga, ya ratsa 'yar ciki, ya kai wando. Da na ɗan gusa, sai ga irinsa a kan shimfiɗar masallaci, daidai inda na zauna. Ku da kuke karantawa kun san abin da mutum zai fara kawowa in ya ga danshi a inda babban mutum ya tashi a cikin masallaci. Ladan bai ce min komai ba, ya dai fita ya dawo da buta. Wannan shirun nasa ya fi min zagi ciwo. Na shiga rantse-rantse ina cewa ruwan sama ne, matashin mashin ne, jama'a suna cewa "Allah sarki, ai ba komai", irin ba komai ɗin da ka san da komai.

Muna fitowa wani dattijo daga dangin amarya ya ja ni gefe, cikin mutunci da tausayi, ya ce, "Ɗana, kada ka ji kunya, lalura ba ta sallama. Ni ma na yi fama da shi bayan an yi min aiki. Akwai wani sassaƙe da zan aiko maka." Na buɗe baki zan yi bayani, na ga idan na musa ma ƙara tabbatar masa zan yi. Na ce na gode, Baba. Kuma ya aiko, bayan mako biyu, a ƙulle a leda, ta hannun amarya.

Wani abokin ango ya ara min sallaya na rataya a kafaɗa ta sauko ta baya, da ita na yini kamar mai shirin tafiya itikafi. Duk hotunan bikin, in kun gani, bayana yana manne da bango. Taubasaina kuwa sun samu abin yi har yau. Ɗaya ta sa min suna Mai Tambari, kuma sunan ya bi ni har cikin zauren WhatsApp na dangi.

Da na dawo gida na zuge zif ɗin na duba cikinsa, don in san abin da ya ci ni. Yadin saman yana ture ruwa in an tuttula na 'yan daƙiƙoƙi, iyakar abin da aka nuna a bidiyo ke nan. Amma ruwan da ya kwana yana zuba ta ɗinkin gefe yake shiga. A ƙarƙashin yadin akwai siririn soso, a ƙarƙashin soson kuma jel, shi kuwa jel ruwa ba ya ratsa shi. Sai soson ya sha ya ƙoshi, ruwan ya kwanta a kan jel kamar a cikin tasa, sama ta bushe ta yaudare ka. Kana zama ka zama mai matse soso. Baƙin kuma rinin yadin ne yake zuba. Na jiƙa farin tsumma na goga, ya fito kamar na share gindin tukunya. An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to ni ba rariya aka ce min na saya ba.

Na tura wa mai kayan hoton rigar. Ya amsa da cewa, "Ayya Alhaji, ai ba a barin shi a waje, cirewa ake yi." Na ce to me ya sa ba ka faɗa a bidiyon ba? Kuma maɗaurin ta ƙarƙashin kujera suke bi, a mashin ɗina sai na sa sifana na kwance kujerar kafin su fita yadda ya kamata, wa zai yi wannan kowane dare? Ya karanta, bai sake cewa komai ba. Shaddar kuwa mai wanki ya yi iya yinsa, tabon ya dushe amma zanen saƙar zuman ya ƙi fita. Ƙarshenta marina aka kai ta aka mayar da ita shuɗiya. Sau ɗaya na sa ta tana fara.

Bayan fushi ya sauka na yi wa kaina adalci. Ni na bar mashin a ruwa, kuma da na danna matashin da ƙarfi maimakon shafawa, da na gani. Ban jefar da shi ba. Na samo babbar leda ina rufe kujerar duk dare, na ci gaba da hawa, kuma maganar gaskiya bayana ya ci gaba da samun sauƙi. Da sanyin Disamba ya shigo, jel ɗin kan yi tauri da asuba, sai na kai wajen Babale kafin ɗumin jiki ya sassauta shi, wannan ma na ce ba komai. Har na fara gaya wa abokan aiki cewa kaya ne mai kyau in ka san halinsa. Mutum biyu sun saya ta bakina, na dai gargaɗe su da farin kaya.

Sai a Janairu maɗaurin gaba ya tsinke. Ba a wani mugun rami ba, a kan kwalta lafiyayya, awaki suka tsallako na taka birki, matashin ya zame da ni gaba har cikina ya daki tanki, ƙafata ta kuɓuce daga birkin baya. Allah ya tsare, ban faɗi ba, amma da akwai mota a bayana da wani labarin ake yi. Da na duba, ɗinkin da ya riƙe maɗaurin layi ɗaya ne tak, da zaren da ko maɓallin riga ba zan yarda a sa min da shi ba. Abin da mutum zai ɗora rayuwarsa a kai yana gudu a titi! A nan duk haushin Toro ya dawo min sabo, har da butar ladan. Wata goma sha ɗaya ke nan da saye, bai ko cika shekara ba. Na kira mutum biyun nan na ce su kai wa mai gyaran takalmi ya ninka musu ɗinkin tun kafin ya yi musu irin tawa.

Yanzu da robar ɗaure kaya na naɗe shi, ya yi muni kamar an ɗaure akuya za a kai kasuwa. Kawu da ya gani ya yi dariya ya ce su a zamaninsu buzu suke shimfiɗawa a kan sirdin keke, ba ya zafi da rana, ba ya sanyi da asuba, in ya jiƙe kuma ido yana gani. Na kuma je Dilimi wajen wani mai ɗinkin kujera, ya danna tawa da babban yatsa ya ce, "Maigida, ai gawa kake ɗora wa katifa. Kawo in zare wannan soson in sa maka mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, in rufe da leda mai kauri." Kuɗin da ya faɗa bai kai abin da na biya matashin ba.

Ranar Asabar zan kai masa mashin ɗin. Matashin kuma uwargida ta riga ta yi kamu, wai za ta ɗora a kujerar tsakar gida da take zama in tana tuƙa tuwo. Na ce ta ɗauka, amma kada ta kuskura ta zauna da farin zane.