Sharhi Kan Farantin Sola Na TOPCon Mai Wat 580 a Ƙarƙashin Ranar Arewa

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan sola a 'yan shekarun nan zai lura cewa manyan faranti masu duhun launi, waɗanda ake rubuta TOPCon a takardar bayansu, suna ta ture tsofaffin nan masu launin shuɗi. Wanda nake amfani da shi a gida mai wat 580 ne, gilashi gaba da baya, tsawonsa ya ɗan haura mita biyu da kwata, faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai, nauyinsa kuma ya wuce kilo 30. Kamfanoni da dama ne ke ƙera irinsa, galibinsu a ƙasar Sin, kuma girmansu da aikinsu sun yi kusa da juna ƙwarai, don haka sharhin nan a kan nau'in farantin ne baki ɗaya. Hukuncina shi ne kaya ne mai inganci da ya cancanci kuɗinsa, amma lambar 580 da mai shago yake nuna maka da yatsa lamba ce ta ɗakin gwaji, kuma wanda bai san yadda aka samo ta ba zai yi lissafin da rufin gidansa ba zai cika masa ba.

Dole a ɗan taɓa ilimin fiziks da ke cikin farantin, domin daga nan ne kyawunsa da kasawarsa suka samo asali. A shekarar 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske yana isowa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya da gwargwadon ƙarfinta bisa ga launinta, kuma wannan bayani ne ya kai shi ga kyautar Nobel ta 1921. Idan ƙwayar haske mai isasshen ƙarfi ta faɗa kan silikon, wato sinadarin da ke mayar da haske lantarki a cikin farantin, sai ta fizge elektron ɗaya, ɗan ƙanƙanin abin nan da ke ɗauke da lantarki, daga mazauninsa, tsarin da aka gina a cikin silikon ɗin kuma ya kora shi zuwa waya, wutar da ke juya fanka ke nan. Ƙwayar sola ita ce ɗan yankin silikon da ake jera irinsa da yawa su zama faranti, kuma ta farko mai amfani, wadda aka nuna a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1954, kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka kanta take mayarwa lantarki. Farantin da ke kan rufina yana mayar da kusan kashi 22 da rabi. Sauran hasken kuwa akasarinsa asara ne da ba ta da makawa, domin tun 1961 William Shockley da Hans Queisser suka nuna da lissafi cewa ƙwaya mai hawa ɗaya ba za ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba: ƙwayoyin hasken da ƙarfinsu bai kai ba wucewa suke yi ba tare da sun motsa komai ba, waɗanda ƙarfinsu ya yi yawa kuma rarar tasu zafi take zama. Ga silikon iyakar ta tsaya wajen kashi 29 cikin 100.

Abin da ya bambanta TOPCon da nau'in PERC da ya gabace shi yana bayan ƙwayar sola ne, kuma a nan ne na fi jin daɗin wannan kaya. A wurin da ƙarfe ya haɗu da silikon, elektron da yawa kan ɓace kafin su kai ga waya. Masu bincike na cibiyar Fraunhofer da ke Freiburg a Jamus sun gabatar da mafita a 2013: su shimfiɗa wata fatar oksaid, wato silikon da ya haɗu da iskar oksijin, tsakanin silikon da mahaɗar wutar, siririya ƙwarai, kaurinta nanomita ɗaya zuwa biyu, wato kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan na milimita. A ka'ida wannan fata shinge ce da ba ta wuce da lantarki, amma idan shinge ya yi sirantaka haka, dokokin kwantum, wato fiziks ɗin ƙananan abubuwa ƙwarai, sun ba elektron damar ya bayyana a ɗaya gefen ba tare da ya haura ba. Leo Esaki na Japan ya nuna wannan hali a cikin irin waɗannan ma'adanai tun 1957, ya kuma samu kyautar Nobel a 1973. Yana ba ni mamaki har yau cewa abin da ɗalibai ke karantawa a aji suna ganin kamar bai shafi rayuwa ba, shi ne yake faruwa a kan rufin gida kowace safiya har firji ya yi sanyi.

A aikace, farantin yana fara ba da wuta da wuri, tun rana ba ta ɗaga sosai ba, kuma a ranakun damina masu gajimare ba ya yin shiru gaba ɗaya, sai dai abin da yake bayarwa ya ragu. Ginin jikinsa ma ya gamsar da ni. Gilashin baya ya fi ledar da ake sa wa tsofaffin faranti jure zafi da danshi, sai dai nauyin ya sa mutum ɗaya ba zai iya hawa da shi tsani ba, kuma rufin da katakonsa ya tsufa yana bukatar a duba shi kafin a ɗora masa jeri guda.

Babbar magana ita ce zafi. Da yawa daga cikinmu, har da wasu masu sayarwa, sun ɗauka cewa gwargwadon ƙunar rana gwargwadon wutar da za a samu, alhali farantin haske yake ci, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ana auna wat 580 ne a ƙarƙashin haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, jikin ƙwayar kuma yana kan digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan haka, TOPCon yana asarar kusan kashi 0.3 cikin 100. A watan Afrilu, lokacin da zafin iska ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, jikin faranti yana iya kai digiri 60 ko fiye da tsakar rana, wanda ke nufin asarar fiye da kashi 10, wato wat 580 ta koma wajen 520 tun kafin a cire abin da waya da inbata za su ci. PERC a wannan yanayi yana asarar kusan kashi 12, saboda haka fifikon TOPCon a zafi gaskiya ne, amma bai kai girman da ake kururutawa a talla ba. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda aka ɗaura farantin. Na ga gidaje da dama da aka manna faranti a kan kwano ba tare da an bar ratar da iska za ta ratsa ba, kwanon yana gasa shi daga ƙasa, rana tana gasa shi daga sama.

Wannan mannawa ce kuma take kashe amfanin fuska biyu da aka biya kuɗi dominsa. Bayan farantin yana karɓar hasken da ƙasa ta mayar, don haka sai an ɗaga shi a kan ƙarfe, a saman siminti mai haske ko farin yashi, kafin a ga ƙarin. Ga mai rijiyar burtsatse a gona ko mai rufin siminti wannan fa'ida ce ta gaske. Wanda zai kwantar da shi a kan kwano kuwa, kusan fuska ɗaya ya saya. A yankin Kano, wanda ke kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, a fuskantar da shi kudu da ɗan karkata kaɗan, gwargwadon da ruwan sama zai gangara ya wanke shi.

Ƙurar hunturu ita ce matsala ta biyu, kuma babu fasahar da ta magance ta tukuna. Hazo yana rage hasken tun daga sama, ƙurar da ta kwanta a kan gilashi kuma ta ƙara tarewa, har ka shafa yatsa ka ga layi ya fito fes a tsakiyar jan gari. Wankewa da sassafe ko bayan faɗuwar rana, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, ita ce kawai mafita, kuma kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗauki zafin azahar. Kashin tsuntsu da inuwar tankin ruwa sun fi ƙura illa, domin ƙwayoyin farantin a jere suke ɗaya na bin ɗaya, kamar tiyon ban-ruwa da idan aka taka shi a wuri guda ruwan dukan layin ya ragu. An raba farantin gida-gida an sa masa hanyoyin kewaye don rage wannan asara, amma ba su kawar da ita duka ba.

Takardar garanti ta yawancin masu ƙera wannan nau'i tana alkawarin raguwar kashi 1 cikin 100 a shekarar farko, sannan kashi 0.4 kowace shekara har shekara 30. Ina karɓar wannan alkawari da taka-tsantsan, domin TOPCon bai daɗe da shiga kasuwa da yawa ba, kuma masu bincike, ciki har da na Jami'ar New South Wales a Ostareliya, sun ba da rahoton cewa wasu faranti na wannan nau'i suna raunana idan danshi ya kai ga mahaɗar ƙarfensu ko kuma hasken ultrabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, ya daɗe yana dukansu. Ranarmu ba ta da sauƙi ta wannan fuska, shi ya sa zaɓen kamfanin da aka sani da dillalin da zai amsa kira bayan ciniki yake da muhimmanci.

Jabun kaya ma suna nan, kuma fiziks ɗin da aka yi bayani a sama yana ba mai saye makami mai sauƙi. Ka tafi shago da tef ɗin awo, ka ninka tsawon farantin da faɗinsa a mita, sannan ka ninka abin da ya fito da 230. Faranti na silikon da aka saba samu a kasuwa ba ya wuce wannan adadi da wani abin kirki, saboda haka idan ka ga faranti mai faɗin murabba'in mita ɗaya da rabi an rubuta masa wat 500, takardar ce ta yi ƙarya.

Akwai masu tambaya ko su jira sabuwar fasahar da ake ta labari. Binciken da ya fi zafi a yanzu shi ne na ɗora wani sinadari mai suna ferobskayit a kan silikon, na sama ya kama shuɗin haske, na ƙasa ya kama ja, ta haka a tsallake iyakar Shockley da Queisser. Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara da kashi 3.8 a 2009, zuwa 2024 kuwa kamfanin LONGi ya sanar da ƙwayar gwaji mai hawa biyu da ta kai kashi 34.6, kuma a shekarar ce Oxford PV ya fara tura faranti na farko ga masu saye. Ci gaba ne na ban sha'awa, amma raunin ferobskayit shi ne zafi da danshi da tsananin haske, waɗanda su ne abubuwan da rufinmu yake da su a yalwace. Mai bukatar wuta a yau ya sayi TOPCon na ƙwarai, ya yi lissafin batirinsa da inbatarsa a kan wajen kashi 80 cikin 100 na lambar da ke takarda, ya kuma tsaya a kan mai haɗawa har sai ya bar wa iska hanya a ƙarƙashin farantin.