Sharhi kan gwajin ɗaukar ɗalibai na wani malamin waƙa a Katsina

Duk mai shirin kai yaronsa wurin malamin waƙar nan da ke wajen Ƙofar Ƙaura, ya san cewa ba zaƙin murya ke sa a ɗauki mutum ba. Kunne malam yake nema. Na raka ƙanena, na kuma ga gwajin mutum biyar kafin a zo kansa.

Gwajin ba ya wuce minti 15. Malam zai taɓa sauti ɗaya a fiyano ya ce, "To ɗana, maimaita mini." Ya hau, ya sauka, har sauti biyar ko shida. Wanda ya kauce ya ji da kansa ya gyara, ya fi masa wanda ya kauce yana ta murmushi bai ma sani ba. Sai kiɗa: ya riƙa buga benci da tafin hannu yaro yana bi, can sai ya janye hannu kwatsam. Nan ake kama masu gaggawa, don da zarar an bar su su kaɗai sai su fara gudu.

Inda ya fi daɗewa shi ne amshi, kuma a ganina nan ne gwanintarsa take. Zai ba ka ɗango ɗaya, wato layi guda na waƙa, ka riƙe, shi yana jan baiti. Shin za ka shigo a kan gaɓa? Za ka danne muryar jagora don a ji ka? Haka makaɗan fada masu taushi da kotso suke rainon nasu tun da can, sai mutum ya daɗe yana amshi kafin a bar shi ya ja. Yana kuma kasa kunne ga tsawon wasali. Garin zama daban, garin tuwo daban, amma yaran da suka saba da waƙar situdiyo sukan ja gaɓar da ba ta jawuwa don ta cike kiɗa, sai ma'ana ta juye. Wani da ya yi haka, malam ya sa shi ya faɗi ɗangon da magana sau uku kafin ya sake rerawa.

Numfashi kuwa da ido yake duba shi. Kafaɗa ta ɗaga, jijiyar wuya ta miƙe, ya san da maƙogwaro ake turawa ba daga ciki ba. Wannan ba ya hana ɗauka, abin koyarwa ne.

Yaro ɗan shekara 12 zuwa 15 da muryarsa ke fashewa, sai ya ce a dawo in ta zauna. Mai dishewar murya fiye da mako uku, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro yake tura shi. Waƙar da aka ɗauko a waya ko saurare ba ya yi, tunda na'ura ta riga ta gyara ta.

Abin da ban ji daɗinsa ba: gwajin sau ɗaya ne, da sassafe, ko da hunturu ne ƙura ta busar da maƙoshi. Wanda bai ɗauka ba kuma ba ya gaya masa dalili, sai dai "Allah ya yi albarka, za mu neme ka." Sai uba ya tsaya ya tambaya sannan zai yi bayani. Don haka ku tambaya kafin ku tashi, ku kuma ba yaro ruwa mai ɗumi tun daga gida.