Faifan kaboyi marasa magana da na saya, sharhina bayan sati uku

Yau sati uku kenan da saƙon ya iso, faifan DVD guda huɗu na tsofaffin finafinan kaboyi na Amurka, na zamanin da fim ba ya magana sai dai kiɗa da rubutu a allo. Na hannu ne, a intanet na saya, kwalin ya ɗan motse ta gefe amma faifan lafiya ƙalau.

The Great Train Robbery na 1903 na fara sawa, gaba ɗayansa minti 12 ne, kuma a New Jersey aka ɗauke shi ba ma can yammacin Amurka inda kaboyi suke ba, amma wurin da ɗan fashin nan mai gashin baki ya saita bindiga a kan mai kallo ya harba wallahi sau uku na maimaita shi. Wanda ya tafi da ni gaskiya shi ne William S. Hart a Hell's Hinges na 1916, mutumin ko murmushi ba ya yi, ido kawai yake zarewa ka gane abin da ke ransa, sannan lokacin da ya cinna wa garin wuta ya ratso cikin hayaƙi, kai, ba ka buƙatar a ce maka komai.

Abokina yana tambayata me ya sa mutane ke zuba kuɗi a irin wannan. Ai ƙaranci ne. A kan zaren fim na nitiret aka ɗauke su, abu ne mai saurin kama wuta kuma yana ruɓewa da kansa, binciken da ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace kwata-kwata, gobarar rumbun kamfanin fim na Fox ta 1937 ita ta cinye yawancin waɗanda jarumin kaboyi Tom Mix ya yi wa kamfanin, shi ya sa guda ɗaya tak da na samu nasa a ciki nake lallaɓa shi kamar ƙwai.

Inda raina ya ɓaci shi ne faifai na uku. Da hannu ake juya kyamara a lokacin, to wanda ya kwafe bai daidaita gudun ba, dawakai sai tsalle-tsalle suke, ga piyano ɗaya da ake ta maimaitawa har a wurin jana'iza, dole na kashe sautin. Duk mai niyyar saye ya tambaya ko wanda aka gyara ne kafin ya tura kuɗi. Ni dai yanzu The Iron Horse na John Ford, na 1924, nake nema.