Egzemar yaro da ta babba, ko man shafawa ɗaya zai yi musu?

Ƴar uwa sannu da jinya, Allah ba su lafiya. Kin ce jaririnki ɗan wata biyar kumatunshi sun yi kaushi yana ta goga fuska a zani, maigidan kuma hannuwanshi sun tsattsage, kina tambaya ko ciwo ɗaya ne kuma ko ki shafa ma yaron pomad ɗin baban. Don Allah kar ki shafa tukuna.

In egzema ce, tushen kusan ɗaya ne, fata ce ba ta riƙe danshi, sai ta bushe ta yi ƙaiƙayi, a sosa ta ƙara ɓaci a sake sosawa. Ba a ɗaukar ta wajen wani, gado ce, shi ya sa za ki ga gidan da ke da masu asma ko yawan atishawa nan ta fi zama. A baƙar fatarmu kuma ba ja take yi ba, duhu take ko toka-toka.

Inda suka rabu shi ne wurin fitowa. Jariri a kumatu, goshi, kai da bayan hannu da ƙafa, wajen kunzugu galibi lafiya lau. In ya tasa sai ta koma lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa. Babba kuwa hannuwa, wuya, fatar ido, wurin ya yi kauri ya yi baƙi don shekarun susa.

Abin da ke tada ta ma daban. Yaro nan Damagaram hunturu ne babban abokin gabanshi, iskar nan mai ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, ga ruwan zafi da muke gasa su da shi, ga soso da sabulu mai ƙamshi da hoda da rigar sanyi mai kaushi. Bazara ta zo kuma zufa ta karɓa. Babba yawanci sana'a ce ke ci mishi hannu, Omo da ruwan jabel ga mai wanki, siminti ga magini, ga turare, ga baƙin lalle na kanti. Ki tambayi maigida me yake taɓawa kullum, in wanki ne ko gini ya nemi safar hannu ta roba.

Abu ɗaya da ya haɗa su mai ne. Vaseline marar ƙamshi ko man kaɗe mai kyau, sau biyu ko uku a rana, musamman da an fito wanka jiki da sauran lema. Ɗiyata haka ta yi fama, da asuba in ga jini-jini a zanen gado don susar dare, na yanke mata farce, wanka ya koma ruwa mai ɗumi-ɗumi minti biyar ba soso, in dangwale ta da tawul in lafta mata mai har tana ƙyalli, wallahi cikin sati biyu muka fara samun barci.

Maganin asibiti ne ba a haɗawa. Yaro in ta tashi sosai lokotoro kan rubuta mai sauƙi irin hydrocortisone 1%, a shafa kaɗan na ƴan kwanaki. Hannun babba fata ce mai kauri, ana ba shi mai ƙarfi kamar betamethasone ko clobetasol, wannan in ya hau fuskar jariri yana sirantar da fata kuma jikinshi na tsotse shi. Ina jin zafin yadda ake saida irin waɗannan tub ɗin a tebur ba takarda, wasu ma su ne ake zubawa a man bilicin, uwa ta ga wuri ya lafa kwana uku ta ci gaba, tana dainawa ya dawo ya fi da.

Yara da yawa tana raguwa in sun girma, ta babba ita ce mai naci, ta tafi ta dawo.

Sai ki duba abu biyu. In duk gidan ake susa, ya fi tsanani da dare, da ƙuraje tsakanin yatsu, wannan ƙazuwa ce, ana ɗauka kuma kowa sai ya yi magani. In kuma wurin yaron ya fara ruwa ko ɓawo ruwan ɗorawa ko jikinshi ya yi zafi, ki kai shi asibiti a ranar, ki tafi da tub ɗin baban a jaka a gani.